Ruwan Zafi a Bayan Sito

Ko shekarar da kasuwar Terminus ta ƙone ce, ko wadda ta biyo bayanta, wannan kam ya shige mini. Abin da na riƙe shi ne damina ce, kuma a wani asibiti da ke gindin duwatsu a Jos akwai mai kula da siton magani, sunansa Usumanu.

A lokacin an kafa allo a ƙofar asibitin cewa maganin yara da na masu juna biyu kyauta ne. Kowace kwalba an manna mata jar takarda: KYAUTA, BA NA SAYARWA BA. Amma in uwa ta zo tagar sito, kalma ɗaya take ji daga bakin Usumanu: "Babu." Sai ya kwatanta mata kemis ɗin abokinsa Romanus a unguwar Nasarawa Gwom, inda ba a rasa komai.

Dabararsa mai sauƙi ce. In an tashi aiki, sai ya tafasa ruwa a butar lantarki, ya juye a roba, ya jiƙa jajayen takardun har su saɓule. Ya goge kwalaben, ya jera su a jaka, ya kai wa Romanus.

Ran nan da yamma yana cikin wannan aiki, Sista Bernadette, babbar nas ta ɗakin yara, ta turo ƙofa. Ta dubi robar, ta dube shi.

"Malam Usumanu, wanka kake yi wa kwalba? Yaro yana can zazzaɓi ya kusa kashe shi, ka ce wa uwarsa babu."

"Sista, masu kafa allo su zo su zauna a tagar nan mana. Kyauta a rediyo take. Ni albashina ma sai na yi bara yake fitowa."

"To uwar yaron ce ta riƙe maka albashi?"

"Ki je ki kai ƙara. Wanda za ki kai wa, shi ma yana da tasa jakar."

Ta ce, "Allah yana ganinka," ta buga ƙofa ta fita.

Ransa a ɓace ya kwashe takardun daga ruwan, ya sungumi robar, ya buɗe ƙofar baya. Rana ta faɗi, ba a kira magariba ba tukuna. Tun yana yaro kakarsa take ja masa kunne: ba a watsa ruwan zafi a ƙasa da almuru, in ya zama dole a yi bismillah, don masu wurin su janye 'ya'yansu. Ya san wannan sarai. Haushi ne ya rufe masa baki.

Ya watsa ruwan a gindin shingen ƙerana.

Wani abu ya yi ƙara, siririya, kamar ɗan kyanwa da aka taka. Sai shiru. Kwaɗin da ke kuka a kwata ma suka yi tsit.

Ya koma ciki ya sa sakata. Yana zuge jakarsa aka ɗauke wuta.

Sai wari ya taso. Ba na sifirit ba ne, ba na magani ba. Warin babbakar gashi ne, gauraye da na jiƙaƙƙiyar ƙasa.

Aka ƙwanƙwasa taga.

Ya haska da tocila. Wata mace ce, doguwa, ta lulluɓe da baƙin zane, ta rungume yaro a ƙirji. Sai da ta sunkuya sosai kafin fuskarta ta zo daidai tagar. Usumanu bai tsaya tunanin wannan ba.

"Mai magani," ta ce a hankali, "man ƙuna nake so. An ƙona mini yaro."

"An tashi."

"An ce na yara kyauta ne."

"Babu. Ki je Nasarawa Gwom, ki tambayi kemis ɗin Romanus."

"Babu?"

"Ke kurma ce? Na ce babu."

Ya ja murfin tagar ya rufe. Ya juya.

Tana tsaye a bayansa.

Sakata tana nan yadda ya sa ta. Kan matar yana gogar silin. Ruwa yana ɗiga daga zanenta, yana tururi a kan siminti.

Ta buɗe zanen kaɗan. Yaron bai fi tsawon kamu biyu ba. Fatar bayansa ta saɓule, kuma a kan ɗanyen naman wata jar takarda ta manne, wadda ta rage a ruwan.

"Yana wasa ne a gindin ƙerana," ta ce. "Ba ka yi mana sallama ba."

Usumanu ya buɗe baki zai yi addu'a. Harshensa ya ƙi ɗagawa.

A kan tebur butar ta fara kuka. Babu wuta a ginin, amma tana tafasa, murfinta yana rawa.

Matar ta kama hannunsa na dama. Yatsunta sanyi kamar dutsen rafi. Ta ja shi zuwa teburin, ta kifa tafinsa a bakin butar.

"Ni ban yi boko ba," ta raɗa masa. "Karanta mini abin da ke bayan ɗana."

Tururi ya fara cin tafin. Ya ji warin naman kansa.

"Karanta."

"Kyau... kyauta."

"To wannan hannun fa? Na sayarwa ne, ko shi ma kyauta?"

Ya cusa hagunsa cikin jaka, kwalabe suna zubewa suna fashewa. Ya lalubo man ƙuna. Shi kaɗai ya rage a asibitin, sauran duk ya riga ya kai wa Romanus. Ya miƙa mata.

"Ga shi. Akwai. Wallahi akwai."

Ta dubi man. Ta daɗe tana duban Usumanu.

Daga nesa ladan ya ɗaga murya.

Ta karɓe man, ta saki hannun Usumanu.

Da ƙyar ya zare sakata, ya faɗa baranda da rarrafe. A nan Sista Bernadette ta tsince shi da fitilarta, hannun ya kumbura ya yi fari. Ta leƙa sito. Ba kowa, sai fasassun kwalabe da sawun ruwa da ya bi ta ƙarƙashin ƙofar baya.

Ta wanke masa ƙunar da ruwan sanyi, ta buɗe wannan kabad, ta buɗe wancan.

"Sista, man ƙuna," ya ce yana nishi. "Ki taimake ni."

Ta dube shi ido cikin ido.

"Babu," ta ce. "Sai dai Nasarawa Gwom."

Kafin a je a dawo ƙunar ta ci ciki, kuma na ji an ce Romanus bai yi masa ragi ba. Hannun ya warke a dunƙule, bai sake riƙe kwalba ba. Ya bar aikin. An ce wanda aka sa a madadinsa ya sa an toshe ƙofar bayan da bulo.

Na taɓa zama kusa da Usumanu a wani masallaci, a unguwar Rayfield ne ko a hanyarta, na manta. Mutane suna cewa in ka ɓamɓare yatsun za ka ga jajayen haruffa a tafin. Ban nemi gani ba. Abin da na gani shi ne, ko ragowar ruwan alwala zai zubar, sai ya durƙusa ya yi bismillah, ya jira tukuna, kamar mai ba wata uwa lokaci ta ɗauke ɗanta.