Ranar da Mai Fenti Ya Haɗa Miyar Fiza

"Wannan jar miyar? Ai hannuna ne, Mama! Ni na yanka tumatir, ni na soya, ni na shafa. Mutanen da suka ƙirƙiro fiza ma in suka ɗanɗana tawa sai sun nemi lambar wayata!"

Buroshi ke nan, mai fentin gidaje, zaune a falonsa ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya. Mahaifiyarsa da babbar yayarsa ne suka kawo ziyara, matarsa Amarya ta gasa musu fiza, gurasar nan ta Turawa. Mama ta yabi miyar tumatir ɗin da ke kwance ƙarƙashin cuku, shi kuwa Buroshi ba ya iya ganin yabo zai wuce ta gabansa bai tare shi ba. Alhali mutumin nan ko ruwan shayi ya ɗora sai an sayi sabuwar buta.

Amarya na tsaye bakin kicin da tire a hannu. Ta yi murmushi kawai, don ta saba da bakin mijinta, tana kuma son sa da bakin nasa.

Mama ta ajiye abin da ke hannunta.

"Kai ka dafa?"

"Ni ne."

"Yau kaɗai, ko kullum?"

"Kullum ta Allah, Mama!"

"Ita kuma tana ina?"

"Tana hutawa mana. Ai ni ba na son ta wahala."

Ya faɗi haka yana jiran a ce kai, ga miji na gari. Sai Yaya ta tafa hannu.

"Na faɗa miki, Mama! Dubi hannunta sumul, ban da danna waya me ta sani? Yaro ya wuni kan tsani rana na dukansa, ya dawo ya ɗaura zani ya shiga kicin!"

"Ba zani nake ɗaurawa ba..."

"Rufe min baki!" in ji Mama. "Ranar Asabar zan dawo da kawunku. Ka dafa a gabanmu. In na gani da idona kai ne mai girkin gidan nan, to ta tattara ta koma gidansu, sai ranar da ta koyi riƙe ludayi. Ban haifi ɗa don ya zama kuku a gidansa ba."

Suna fita Amarya ta zauna kan hannun kujera, hawaye shaɓe-shaɓe.

"Maigida, ka kira su ka faɗi gaskiya."

"In ce na yi ƙarya? A kunnen Yaya? Ai har jikokinta sai sun ji labarin!"

"To in ka dafa ta yi daɗi fa?"

"Shi ke nan, na fita kunya."

"Ni kuma na fita daga gidan."

"Au!" Ya sosa ƙeya. "To sai in ɓata ta da gangan."

"Ka zama maƙaryaci a gaban Kawu."

"To in yi ta tsaka-tsaki? Rabi daɗi, rabi... Tsaya, wanne ne ke korar ki? Daɗin ko rashin daɗin?"

"Daɗin!"

"Ikon Allah! Yaushe daɗi ya fara korar mutum?"

Ya zagaye falon, ya zauna, ya miƙe, ya sake tambaya daga farko. Amarya ta dube shi, tausayi ya kama ta. Ita kanta ba ta san abin da take so ba. Abu ɗaya ta sani, ba za ta iya kallon ana yi wa mijinta dariya ba. Ta share ido ta ja shi kicin.

"Ka saurara da kyau. Ka tsaga bayan tumatir kaɗan, ka tsoma a tafasasshen ruwa, ɓawon zai saluɓe da kansa. Ka cire 'ya'yan. Ka soya tafarnuwa a mai, wuta ƙasa-ƙasa, kar ta ƙone ta yi ɗaci. Ka zuba tumatir ka bar shi ya yi ta tsotsewa har ya yi kauri. Gishiri, sai ɗan sukari don ya kashe tsami. Kana yi kana ɗanɗanawa. Kana ji na kuwa?"

Ina! Buroshi ya yago bakin kwali, ya lakato ragowar miyarta ya shafa a kai, ya ɗaga wajen taga yana kanne ido.

"Ke dai bar ni da samfur. Shekara nawa ina wannan sana'a? Duk abin da na ga kalarsa, na gama da shi."

Asabar ta zo, Mama da Yaya suka iso tare da Kawu. Kawu, tsohon direban babbar mota, ya ja kujera ya tokare ƙofar kicin kamar alƙali. Aka zaunar da Amarya a lungu, Mama ta ce ko tari ta yi a bakin aurenta.

Buroshi ya naɗe hannun riga. Maganar ɓawo da 'ya'ya tuni ta bi iska. Ya antaya tumatir ɗungurungum a injin markaɗe, ya danna. Abin da ya fito wani ruwa ne fari-fari mai kumfa, ba ja ba, ba ruwan goro ba. Ya juye a tukunya, ya zaro kwalinsa daga aljihu ya gwada. Ko kusa!

Gumi ya karyo masa. Amma mai fenti ya san maganin kalar da ta yi haske: a ƙara mai duhu. Ya bi kan kanta da ido, sai ga wata kwalba cike da jan gari, ja wur, gwanin sha'awa. Dakakken barkono ne.

Ya zuba cokali, ya juya, ya shafa a kwali, ya ɗaga wajen taga. Da saura. Ya ƙara.

Amarya ta zaro ido tana girgiza kai. Ya dube ta, ya dubi tukunya. "Wato bai isa ba," ya ce a ransa. Ya ƙara.

Ta dafe ƙirji. "Wato na kusa." Ya tuntsura rabin kwalbar.

"Ba satar amsa!" Yaya ta daka mata tsawa. "Ina ganin ki!"

Miya ta yi kauri kamar siminti, ya tsinka ta da ruwa. Ta tsinke da yawa, ya buɗe wuta har ƙarshe. Tururi ya tashi, Kawu ya saki atishawa har hularsa ta karkace.

"Haka girkin zamani yake, Kawu," in ji Buroshi, idanunsa na ruwa. "Yana buɗe hanci."

Da aka zo shafi kuwa, nan aka ga gwani. Ya ciro sabon buroshin fenti fil daga leda, ya bi faifan ƙullun fulawa yana ja a hankali, ya fitar da gefe tsaf ba ɗigo ko ɗaya. Ya kunna fanka ya jira ya sha iska, sannan ya yi shafi na biyu.

"Kai!" in ji Kawu. "Ka ga layi a miƙe kamar titi!"

Fiza ta fito daga tanderu tana sheƙi, ja kamar sabuwar ƙofa. Mama ta dube ta, ta dubi Amarya.

"To, na gani da idona. Tashi ki haɗa kayanki."

Buroshi ya buɗe baki. Gaskiya ta taho har maƙoshi, sai ya haɗa ido da Yaya, ya haɗiye ta. Amarya ta miƙe. Ta kai bakin ƙofa ke nan ta waiwaya, ta ga Mama ta ɗauki yanka guda za ta kai baki. Mama da gyambon ciki ya hana ko sansana barkono! In da ta ƙyale ta, da cizo ɗaya ya isa ya wanke Amarya. Ba ta tsaya wannan lissafin ba. Ta yi tsalle ta riƙe hannun surukarta.

"Mama, kar ki ci! Don Allah, cikinki!"

"Ke! Yau kuma abincin bakina za ki ƙwace?"

Kawu ne ya ba da amsa, don shi tuni ya cusa rabin yanka. Ya miƙe zumbur, kujera ta kife.

"Wuta! Jama'a, wuta! Ruwa!"

Yaya da ta gutsuri nata a ɓoye ta zaro harshe tana fifita shi da mayafi, tana zagaye tebur. Maƙwabta da suka ji ana ihun wuta suka afko da bokitai, wani har da yashi a kwano. Aka cika falo ana tambayar ina gobarar, Kawu na nuna bakinsa. Amarya ce ta ruga ta kawo madara mai sanyi ta ɗura musu.

Da ƙura ta lafa, Mama ta juyo.

"Me ka zuba a ciki?"

"Kala na gyara, Mama."

"Da kake gyarawa, ka ɗanɗana?"

"Haba Mama, wa ke ɗanɗana fenti?"

Mama ta dubi ɗanta, sannan ta juya ga Amarya.

"Wa ya dafa ta rannan?"

Amarya ta sunkuyar da kai. "Tare muka yi, Mama. Shi ya... shi ya miƙo min ashana."

Wata maƙwabciya ta fashe da dariya, sauran suka ɗauka. Mama kuwa ba ta yi dariya ba. Ta jawo Amarya jikinta.

"Yafe min, 'yata. Na kore ki, kika tsaya tsare min ciki. Ɗana ya jefa ki a rami, har yanzu kina rufa masa asiri. Ba inda za ki." Ta harari Yaya. "Ke kuma in harshenki ya huce, ki ba ta haƙuri da shi."

Haka abin yake, 'yan'uwa. Ƙaryar da mutum ya yi don a tafa masa, sau da yawa wanda ya fi son sa ne ke ɗaukar nauyinta. Mai haƙuri kuma ba sai ta yi rantsuwa ba, halinta zai yi mata shaida.

Mama ta tura tiren gaban Buroshi.

"Bismillah, kuku. Hannunka ne. Cinye."

Ya dubi Kawu, Kawu ya tokare ƙofa. Ya dubi matarsa, ta rufe fuska da tafin hannu, kafaɗunta na rawa. Maƙwabta suka ajiye bokitai suka gyara tsayuwa. Ya ɗauki yanka, ya gatsa, ya tauna. Kunnuwansa suka ɗauki zafi, hawaye suka ɓalle har haɓa. Ya ɗaga ragowar sama, murya a shaƙe.

"Amma dai, tsakani da Allah... kalar ta fita, ko?"