Sifirin Baƙin Babur

"Kowa ya kwanta! Wanda ya ɗaga kai, sai dai uwarsa ta haifi wani!"

Muryar Oga ce daga cikin shagon gwal, da rana tsaka. A waje Bakanike yana tsaye yana gadin babura uku, duk a kunne, gumi na bin bayansa. Wai shi ba ɗan fashi ba ne, gyara kawai yake musu. Ya manta abokin ɓarawo ɓarawo ne.

Hanyar gudu ɗaya ce, kuma dole sai an sha muguwar kwanar nan ta bakin gada. Saboda ita ya yi kwana uku yana aiki. Jan babur na Auta ne, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya. Ya sa masa sabon sifirin mai tauri a ƙarƙashin kujera, ya ɗaga bayansa da yatsa biyu, yadda ko an kwantar da shi a kwana salansa ba za ta taɓa kwalta ba. Baƙin kuwa na Oga ne, shi kuma ya sassauta masa sifirin, ya sauke shi ƙasa da gangan. Don shekaranjiya, yana kwance a ƙarƙashin wata mota, ya ji Oga yana cewa a waya, "Auta ya fiye surutu. Da an gama aikin nan zan aika shi barzahu."

Tau! Tau! Gilashi ya tarwatse, mai shago ya kurma ihu. Can nesa jiniyar 'yan sanda ta ɗauka.

Suka fito a guje, jaka a kafaɗar Oga. Sai ya yi turus. Ya dubi baburan, ya dubi Bakanike. Ba a banza ya shekara goma bai shiga hannu ba.

"Ya na ga nawa ya durƙusa kamar tsohuwar akuya? Kai Auta, hau baƙin!"

Bakanike ya yi wuf. "Oga, ai jan na—"

"Da matsala ne, Bakanike?" Bakin bindiga ya tokare masa ciki.

Kalma biyu kawai zai faɗa ya ceci ɗan'uwansa. Amma tsoro ya fi ƙarfinsa.

"Babu komai, Oga."

Suka fizgi baburan. Oga a gaba, Auta na bin sa, Bakanike a baya yana tsine wa kansa. A motar 'yan sanda Sajan ya daki kafaɗar direba. "Taka ta! A kwanar gada dole su rage gudu!"

Bakanike ya ƙwala ihu. "Auta! Birki! Kar ka kwantar da shi!"

Iska ta kwashe maganar. Auta ya waiwayo yana dariya, har da ɗaga masa babban yatsa. Tun da yake hawan babur, aikin yayansa bai taɓa ba shi kunya ba.

Oga ya shiga kwanar, ya kwantar da jan babur, ya fita sumul. Auta ya bi sahu, bai rage ko kaɗan ba. Sifirin ya nutse — salansa ta caki kwalta — tartsatsin wuta! Tayar baya ta tashi sama, ƙarfen gada ya tare shi.

Hanya a buɗe take, da Bakanike ya so da ya tsira. Ya yar da baburinsa, ya durƙusa ya ɗora kan ƙaninsa a cinya. Jini ta hanci, jini ta kunne.

"Yaya..." Da ƙyar muryar ke fita. "Kar ka damu. Ni na yi ganganci. Aikinka ai ba ya ƙarya."

Daga nan rai ya yi halinsa.

Oga ya ɓace da gwal, a kan babur mafi kyau da Bakanike ya taɓa haɗawa.

Sajan ya diro daga mota. Tsohon mahayi ne shi ma. Ya tayar da baƙin babur, ya danna kujerar da tafin hannu, ta lotsa har ƙasa. Ya yi tsaki.

"Wane la'ananne ne ya yi wannan gyaran? Wallahi shi ya kashe mutumin nan."

Bakanike ya rufe wa Auta idanu a hankali, sannan ya miƙa hannuwansa biyu.

"Ga shi nan, yallaɓai."