Ranar da Imel Ɗin Khaula Ya Ƙi Buɗewa

Ranar kasuwar Rogo ce, hantsi ya ɗaga. Badaruddeen yana goge kwamfutoci a ɗan shagon da yake koya wa matasa aiki da su, sai ya ji sallama daga bakin ƙofa.

Budurwa ce cikin hijabi ruwan toka, ta rungume laftof a ƙirji kamar mai ɗauke da jariri. Ya amsa sallamar, ya ɗago kai ya dube ta. Ba wata kwalliya ta yi ba. Idanunta ne, manya, a natse, amma da ganinsu ka san ba su sami barci ba.

"Ina kwana, Malam. An ce kai ne mai koyar da kwamfuta."

"Lafiya lau, ni ne. Bismillah, ga kujera. Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi. Daga Fulatan nake. Sunana Khaula."

Ta zauna a gefen kujerar ta yi masa bayani. Mahaifinta Malam Aƙilu malamin Alƙur'ani ne, yanar ido ta rufe masa gani tun tana firamare, da ka yake karantar da ɗalibansa. Kwanakin baya likitocin wani asibitin ido suka zo daga Kano suka duba shi, suka ce nasa mai gyaruwa ne, za su aiko da ranar aiki ta imel ɗinta. Jiya aka yi mata saƙon tes a waya cewa an aika, ta shiga ta tabbatar kafin jibi, in ba haka ba a ba wani gurbin.

"Tun jiya nake sa kalmar sirrina. Sai ya yi kamar zai buɗe, ya dawo da ni inda na fara. Ni ban san laifin da na yi masa ba."

"Ki sake gwadawa in gani."

Da ta kai hannu kan madannai, sai ya juya fuskarsa ya kalli bango har ta gama. Khaula ta lura da wannan.

Shafin ya juya, ya dawo da ita farko.

"Kalmar sirrinki daidai take," in ji shi. "Da kuskure ce, da ya faɗa miki da jan rubutu. Wa ya saita miki burauzar nan da kike shiga intanet da ita?"

"Yaya Ikrama, ɗan ƙanwar Baba. Shi ya ba ni laftof ɗin. Ya ce ya toshe duk wata kafa don kada a yi mini kutse. Yana Kano wajen kwas, na kira wayarsa ba ta shiga."

Badaruddeen ya shiga wajen saiti, ya gangara ɓangaren sirri, ya yi murmushi.

"Niyyarsa mai kyau ce. Sai dai ya hana kukis gaba ɗaya."

"Kukis? Irin na ci da shayi?"

Ya yi dariya, ita ma ta rufe baki da gefen hijabi.

"'Yar shaida ce. In kin sa kalmar sirri, gidan imel ɗin yakan ba burauzarki wata alama ta riƙe, don in kin matsa gaba ya gane ke ce. Taki kuwa ana ba ta take yarwa. Shi ya sa kina shiga soro sai a sake tambayarki ke wace ce, a mai da ke waje."

Ya buɗe wa kukis hanya, ya share tsofaffin da suka maƙale, ya rufe burauzar ya sake buɗewa. Ya tambaye ta ko ita kaɗai ke amfani da laftof ɗin. Ta ce ita kaɗai. Sai ya nuna mata wani ɗan akwati ta danna, don kada a riƙa tambayarta kalmar sirri kullum. Ya sake juya wa allon baya.

Ta sa kalmar sirrinta. Da ya waiwayo, saƙon asibitin yana buɗe, ta riga ta danna wajen tabbatarwa, hawaye na bin kumatunta.

"Wata mai zuwa ne," ta ce a hankali. Ta juyo ta dube shi. "Malam, yanzu wannan ɗan abin da ka taɓa da yatsa ɗaya, shi ne ya tsaya tsakanin Baba da ganinsa?"

Badaruddeen ya sha gyara irin wannan matsala, bai taɓa ɗaukarta a bakin komai ba. Sai ranar ya san girmanta.

"Ikon Allah ke nan," kawai ya iya cewa.

Ta karɓi lambarsa ko matsalar za ta dawo. Matsalar ba ta dawo ba, amma bayan kwana biyu saƙo ya shigo masa daga ƙaramar wayarta:

"Salam. Khaula ce ta Fulatan. Baba ya sa ɗalibai sun yi maka addu'a. Imel yana buɗewa lafiya. Na gode."

Ya rubuta ya goge, ya rubuta ya goge, sannan ya aika:

"Amin, na gode. Ni kuma tun ranar nan wani abu ya ƙi fita daga zuciyata. Na duba saiti ban ga wajen gyara ba. Ko za a ba ni izini in zo in gaida Malam?"

Sai washegari ta ba da amsa:

"Hanyar Fulatan ba a rufe take ba."

Haka ya fara zuwa ranar Juma'a bayan la'asar. Ya gaida Malam a zaure, sannan a shimfiɗa musu tabarma a ƙofar gida. Ita tana ce masa Farin Wata, wai fassarar sunansa ce kawai, kada ya ɗauki abin da zafi. Shi kuma yana ce mata Sanyin Ido.

"Me ya sa ka zaɓi wannan sunan?" ta tambaye shi wata rana.

"Saboda na san abin da Malam zai ji ranar da ya fara ganinki. Ni na riga shi ji."

Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin tabarma.

Ana cikin haka Ikrama ya dawo daga Kano. Ma'aikaci ne a ofishin hakimi, mutum mai tsari, kuma dangi sun daɗe da sanin yana da ra'ayin Khaula ko da bai furta ba. Ya zo gaida kawunsa, ya karɓi laftof ɗin ya duba lafiyarta. Yana buɗe burauza, imel ɗin Khaula ya bayyana ba tare da an sa kalmar sirri ba.

"Wa ya taɓa wannan?"

Ta gaya masa. Fuskarsa ta canja.

"Na kulle miki gida, wani ya zo ya cire ƙyauren. Kin san ko yana zaune a shagonsa yana karanta duk abin da aka aiko miki?"

Khaula ta ce ba halinsa ba ne. Amma a yammacin ranar ta ga sabon saƙo daga asibitin, an matso da ranar aiki. Ba ta ko tashi daga wurin ba wayarta ta yi ƙara:

"Sanyin Ido, na ji an matso da ranar aikin Malam. Allah Ya sa alheri ne. Me zan taimaka da shi?"

Ko mahaifiyarta, Inna Barira, ba ta gaya wa ba tukuna.

Ikrama ya kai maganar gaban Malam. Malam ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce mutumin da ke leƙa sirrin mutane ba zai sake zama a tabarmar ƙofar gidansa ba. Khaula ta rubuta saƙo ɗaya, ta kashe wayar ta miƙa wa Inna:

"Ban gaya wa kowa ba, amma ka sani. Na ɗauka juya fuskar da ka yi ranar nan gaskiya ce. Kada ka sake nemana."

Badaruddeen ya karanta a tsaye a tsakiyar aji. Ya sallami ɗaliban da wuri. Ya kira, waya a kashe. Kwanaki ya yi abinci ba ya masa daɗi, kafin ya yanke shawarar ba Khaula zai je ya lallasa ba, wajen mahaifinta zai nufa.

Bai tafi shi kaɗai ba. Ya goya Baba Sulle a babur, dattijon da ke sayar da gyaɗa kusa da shagonsa, wanda shi ma idonsa ɗaya ya yi yana.

Suka tarar da Malam a zaure, Ikrama na gefensa. Aka gaisa, gaisuwa mai tsawo, babu wanda ya rage komai. Sannan Malam ya juyo da fuskarsa inda muryar take.

"Badaru, an ce kana buɗe ƙofa ba mabuɗi."

"Allah gafarta Malam, ban iya ba. Abin da na yi shi ne na sa ƙofar ta riƙa gane mai gidan. A laftof ɗinta kaɗai take buɗewa, don a can aka ajiye shaidar. A wani wuri sai da kalmar sirri, ni kuma ban san ta ba."

"To ranar aikin fa, wa ya gaya maka?"

Baba Sulle ya gyara murya.

"Ni ne sila, Malam. Rukuninmu ɗaya da kai. Ni ba karatun boko na yi ba, yaron nan ke duba mini saƙona. Ya karanta mini an matso da ranar ga dukkanmu, na ga ya fi ni murna, ya ɗauki waya."

Badaruddeen ya roƙi a kawo laftof ɗin, amma ya ce kada a ba shi, a ba Ikrama. Khaula ta kawo, ta tsaya daga bayan ƙofa.

"Yaya Ikrama, ka shiga ɓangaren tsaro na imel ɗin. Akwai wajen da ke nuna duk na'urar da aka taɓa shiga da ita."

Ikrama ya duba. Na'ura ɗaya ce tak, wadda ke hannunsa. Ya share kukis ɗin da kansa, ya sake buɗe shafin, nan take ya nemi kalmar sirri. Ya rufe laftof ɗin.

"Kawu, na yi gaggawa. Tsoro ne ya sa ni, da wani abin kuma da ba sai na faɗa ba. Malam Badaru, ka yafe mini."

"Ba komai, wallahi. Kariya ka yi nufi."

Malam ya ɗan yi murmushi. "Na gamsu. Amma an ce saura kaɗan a buɗe mini ido, ni kuwa ina so in ga wanda zan ba 'yata. Ka jira."

"In Allah bai nufa ya buɗe ba fa, Malam?" in ji Baba Sulle.

"Sai in ƙara sauraronsa. Muryar ba ta yi mini kama da ta maƙaryaci ba."

Suna kan hanyar komawa Rogo saƙo ya shigo:

"Farin Wata, na zalunce ka. Kunya ta hana ni fitowa. Ka yafe wa Sanyin Idonka."

Ya tsayar da babur a gefen hanya ya rubuta:

"Na yafe tun kafin ki tambaya. Ki ci abinci, na ji Inna na cewa kin rame."

A idon dama aka fara yi wa Malam aiki. Washegari da safe likita ta ɗaye auduga a hankali, ta ce ya buɗe. Ya ƙifta, ya sake ƙiftawa. Ya ɗaga tafin hannunsa ya kalla, ya juya shi. Sannan ya dubi budurwar da ke durƙushe a gabansa.

"Wace ce wannan?"

"Ni ce, Baba."

Ya san muryar, fuskar ce bai sani ba. Ya kai hannu ya tsaya bai taɓa ta ba.

"Da giɓi na bar ki, Khaula. Ashe fuskar mahaifiyata kika ɗauko. Duk shekarun nan tana cikin gidana ban sani ba."

Inna Barira ta juya baya tana share ido. Likitar ma sai da ta tsaya da rubutun da take yi.

A hanyar dawowa, bayan sun wuce Karaye, Malam ya roƙi direba ya tsaya. Ya fito ya tsaya a bakin wata gonar gyaɗa da ta sha ruwan damina, yana ta tasbihi. Fasinjoji ba wanda ya yi ƙorafi. Ya ce ya manta kore yana da iri-iri haka.

Badaruddeen yana jiran su a tashar Rogo. Ya durƙusa zai yi gaisuwa, Malam ya ce ya ɗago kansa. Ya kalle shi, ya kalle shi, har Badaruddeen ya fara gumi.

"Ashe siriri ne kai. Muryarka ta fi ka ƙiba." Ya dafa kafaɗarsa. "Ka turo manyanka."

Da kaka aka ɗaura auren, bayan an yi wa Malam aikin ido na biyu. Fulatan ta cika, mutanen Rogo da na Gwangwan suka zo a babura da motoci. Ikrama ne ya tsaya kan rabon goro da alawa, kuma shi ya nemo motar da za ta kai amarya.

Da yamma, kafin a fita da ita, aka kawo Khaula gaban mahaifinta, Badaruddeen ya durƙusa a gefenta. Ta ɗan ɗaga mayafi ta saci kallonsa.

"Farin Wata, rawa hannunka yake yi," ta raɗa masa.

"Bari kawai, Sanyin Ido. Har yanzu gani nake kamar za a tashe ni."

Malam ya ɗora hannu ɗaya a kanta, ɗaya a kansa. Bai rufe ido ba kamar yadda aka saba in za a yi addu'a.

"Allah Ya yi muku albarka, Ya sanya albarka a kanku, Ya haɗa ku cikin alheri. Ya ba ku haƙuri da juna da zuri'a ta gari." Ya dubi Khaula. "Tun tana ƙarama nake cewa Allah Ya nuna mini ranar aurenta. Yadda kowa ke faɗa nake faɗa. Ban san da idona zai nuna mini ba."

Duk zauren aka amsa da amin.