Sojan Ƙasar Suri

Ummita ce ta jawo ta daga ƙarƙashin gadona. An ɗauke wuta bayan isha'i, suna laluben ashana ita da yayarta Shamsiyya, 'ya'yan kawuna da suka zo mana hutu daga Kaduna. Sai ga ta da abin a hannu. Motar sulke ce ta gwangwani, tsawonta bai wuce taƙi biyu ba.

"Yaya Haladu, wannan fa? Har da bindiga a sama! Ina sojojinta?"

"Ajiye."

"Kallo kawai zan yi."

"Na ce ajiye. Ba kya jin Hausa ne?"

Shamsiyya ta ƙyalƙyale da dariya. "Ƙato da kai da motar wasa. Yaya, ko dai aure za a yi maka?"

Na kunna fitila na dire ta a tsakaninmu. Na ce su zauna. Na ce wannan ba tatsuniya ba ce, ba Gizo ba Ƙoƙi, wadda dariya ke cinta ta tashi ta ba ni wuri tun yanzu. Ba wadda ta tashi.

Kun san Muntari, wana, uwa ɗaya uba ɗaya. Kofur ne a soja. Shekara huɗu ke nan aka turo mutum biyu da jakarsa. Riga biyu, carbi, reza. Na ce ina gawar? Suka ce in yi haƙuri. Na ce ba haƙuri na tambaya ba. Suka shiga mota suka tafi. Muka yi masa salla babu komai a gabanmu.

Inna, gwaggonku, a lokacin idonta ya riga ya tafi. Ba ta yi kuka ba. Tambaya ɗaya ce a bakinta safe da yamma. "A ina ya faɗi? Wane irin wuri ne? Da inuwa?"

Bayan sadakar arba'in wani abokin aikinsa ya zo gaisuwa, Kofur Istifanus. Hannu ɗaya ya rage masa. Ya tsuguna a ƙofar shagona ya zana mini a ƙasa da tsinke. Ga busasshen rafi. Ga mota ta kafe a yashi. Ga gawo guda ɗaya a gefe. Su biyar ne. Muntari na nan ta hagu, bayan taya ta biyu.

Makauniya ba ta ganin zane. Ni kuma a aji shida na tsaya, ban iya dogon bayani ba. Amma na iya gwangwani. Tun ina ɗan shekara goma nake yanka shi, ina yin mazurari da fitila da rariya. Na ce zan gina mata wurin ta taɓa da hannunta.

Na sami ɓarin tsohuwar ƙofa na yi ƙasa da shi. Na shafa ƙaro, na barbaɗa yashin rafi, ya bushe ya zama kamar siminti. Gawon da waya na murɗa shi. Motar ta ci gwangwanin madara goma sha ɗaya, na liƙe su da dalma. Taya takwas daga tsohon silifa. Na yi mata fenti kore, na bi bayansa da ruwan gishiri don ta yi tsatsa, kamar wadda ta sha daji.

Sojojin ne suka gagare ni. Yumɓun kududdufi in ya bushe sai ya tsage, hannu ya faɗi, kai ya faɗi. Na je wurin Iya Tabawa mai ginin tukwane.

"Ƙasar suri za ka samo," in ji ta. "Ita ba ta tsagewa. Amma ka ji ni da kyau, ɗan nan. Suri gidan wasu ne. Ka yi sallama, ka yi bisimilla, ka zuba musu tafin gero a madadin abin da ka ɗiba. Kuma ban da tsakar rana."

Na ce na ji. Ban ji ba. A lokacin haushin kowa nake ji, mutum da aljan. Na ce an ɗauke mini ɗan'uwa ba a yi mini sallama ba, ni ma ba zan yi wa kowa ba. Rana tsaka na bi hanyar kufai, inda tsohon gari yake kafin a tashi. Akwai wani babban suri a can, ya fi ni tsayi. Na kafta masa fartanya. Na cika buhu na juyo.

Ƙasar ta yi kyau. Kowane soja tsawon ɗan yatsa, da hula da bindigar ƙusa. Takalma ne suka isa ni, sai na sassaƙa ramin takalmi a jikin sabulu ina danna ƙasa a ciki ina fitarwa. Rami ɗaya na yi, na hagu. Na ce wa zai tsaya duba ƙafa? Duk su biyar ƙafafunsu hagu da hagu ne.

Fuska kuwa ban yi musu ba. Ubangidana da ya koya mini sana'a kullum yana cewa, in ka yi siffar mai rai ka bar fuskar a shafe. Fuska ƙofa ce.

Na kai wa Inna. Na kama hannunta na bi da shi. Ga rafin. Ga gawon.

"Da inuwa ashe," in ji ta.

Ta shafa motar, ta ƙirga tayoyin. Ta zo kan mutanen.

"Wanne ne nawa?"

"Na hagu, Inna. Ga shi."

Ta daɗe tana murza kansa da yatsa. Sannan ta janye hannu.

"Ni ban haifi ƙwai ba. Ina hancinsa? Ina billensa?"

"Ba kyau a yi fuska, Inna."

"Su sun hana ni gawarsa, kai ka hana ni fuskarsa. Ɗauke kayanka."

Ku ce me zan yi? Na jiƙa kan da ruwa. Na ɗauki allura. Na fitar da hanci, na tsaga baki, na ja bille a kuncin hagu. Ido na bari ƙarshe. Ɗigo biyu. Da na gama na ɗaga shi na duba. Shi ne. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamar wannan ba, kuma ba zan sake ba.

Inna ta sa aka ajiye mata katakon a gefen gadonta.

Kwana uku sai na fara jin tana hira a ɗaki. Ta yi magana, ta yi shiru kamar mai sauraro, sai ta yi dariya. Furar da nake dama mata ta daina sha. A gaban katakon take ajiye kwanon. In na dawo, kwano a bushe. Ita kuma tana ramewa, wuyanta ya zama kamar na kaza.

Da ƙaro na kafa sojan mai fuskar a bayan taya ta biyu. Rana ta biyar na same shi a gaban mota. Ta bakwai, a bakin rafin. Na kawo fitila na duba. Akwai sawu a yashin. Yashin da ko da farce ba ka karce shi. Ƙananan sawu, duk na hagu.

"Yaya," Shamsiyya ta ce a hankali, "ƙila Gwaggo ce ke matsar da shi. Tsofaffi in suka ruɗe..."

"Karatun jinyarki ki bar shi a Kaduna. Sawun ma ita ta taka?"

Ummita ta matso ta naɗe ƙafafunta cikin zane.

Rana ta tara sojan yana gefen katako, fuskarsa na kallon matashin Inna.

"Ya ce da wuri a motar," in ji Inna. "Ranar Juma'a za mu tafi."

"Wa ya ce?"

"Wanka mana. Shi yana da bakin magana, ba irinka ba."

Na miƙa hannu zan ɗauke shi. Makauniya, amma caraf ta damƙe wuyan hannuna. Ban san tana da sauran ƙarfi haka ba.

"In ka taɓa shi, ban yafe maka nonon da ka sha ba."

Na fita. Kwana biyu ina zagaye gidan kamar kare.

Ranar Juma'a ta yi wanka tun hantsi. Ta ɗaura farin zane, ta shafa turare, ta zauna a bakin gado tana jira. Yunwa ta sa gyangyaɗi ya ɗauke ta. Na shiga ba takalmi. Na ɓamɓare sojojin duk biyar na zuba a ƙwarya, na cika aljihu da gero. Maza duk sun tafi masallaci. Ni na kama hanyar kufai. Tsakar rana kuma. Ba ni da wani lokacin.

Ba tsuntsu, ba akuya. Na wuce gonakin ƙarshe.

Sai na ji taku a bayana. Mai nauyi. In na tsaya ya tsaya.

"Haladu."

Muryar Muntari ce. Amma kamar wanda ya kifa gwangwani a baki yake magana a ciki.

Ban juya ba. Ya zo ya jera da ni. Warin fenti da jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika mini hanci. Na kafa ido a ƙasa. Takalman soja ne manya. Hagu da hagu.

"Ina za ka da kayan mutane?"

Na ci gaba da tafiya.

"Ba ka gaida na gaba da kai, Ɗan Gwangwani?"

Muntari kaɗai ke kirana haka. Ban tsaya ba.

"Kai ba wana ba ne."

"Tsohuwa ta ce ni ne."

"Ba ta gani."

"Kai mai gani me ka yi? Ka rushe mini ɗaki a kan 'ya'yana. Ba sallama. Ka kwaso ni a buhu kamar taki. Sannan ka ba ni fuska, ka ba ni uwa. Kyauta ce. Ba a karɓe kyauta."

"Na kawo gero."

"Kai wa kaji."

"To me kake so?"

"Ka mai da gidana kango. Naka ma kango zai zama."

"Ɗauke ni, ka bar ta."

Ya yi wata dariya, gwangwanin ya amsa. "Kai? Ɗaci gare ka. Ita ta kira ni ɗa."

Takalman suka tsaya. Suka juya suka fuskanci gari.

"Ta yi wanka, tana jira. Ba kyau a bar uwa tana jira."

Ya ɗaga ƙafa. Sannan ya sauke murya, gwangwanin ya fita daga cikinta, ta zama ta Muntari sak, irin wadda yake tashina da ita sallar asuba.

"Ɗago ka dube ni mana, ƙanena. Sau ɗaya. Ba ka yi kewata ba?"

Wallahi na yi. Na ɗago. Na ga bel, na ga maɓallai, na ga ƙirji. Na zo wuya. A gefen wuyan akwai wani shafi, faɗinsa kamar faifai, da layi-layi a zagaye. Na gane shi. Sawun babban yatsana ne, inda na danna lokacin da nake liƙa kan.

Aikin hannuna ne ke tsaye a gabana. Ban ƙara ɗagowa ba.

Na zaro mai fuskar daga ƙwarya. Na tofa wa yatsana yawu. Bisimilla ta fito daga bakina, rabona da ita tun ranar da aka kawo jakar. Na murza. Ƙasar suri tauri gare ta. Na ƙara yawu, na murza har fata ta ɗaye. Bille ya tafi. Hanci ya tafi.

"Ɗan Gwangwani! Ni ne fa! Kar ka..."

Na shafe bakin. Maganar ta yanke kamar an ɗauke wuta. Takalman suka yo kaina, taku ɗaya, taku biyu. Idanun nan biyu suna kallona daga tafin hannuna. Idanun wana. Na ɗora yatsa a kansu.

Shiru. Na ɗaga kai. Ba kowa, sai sawu da ya ƙare taƙi ɗaya daga ƙafata.

Na ƙarasa wurin surin. Na yi sallama da ƙarfi. Na jera su biyar a ramin da na fasa, na juye geron duka. Ban gama miƙewa ba gara ta rufe su. Na zubar da ƙwaryar na sheƙa.

Na iske Inna zaune a ƙofar ɗaki da farin zanenta.

"Na ji," in ji ta. "Yana cikin magana ka toshe masa baki."

"Inna, ba shi ba ne."

"Ka ɗauka ban sani ba? Ni na haifi Muntari. Tun ranar farko na san ba shi ba ne." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Amma in na kira, yana amsawa."

Da yamma ta ci tuwo, malmala biyu. Tana nan da ranta, kun gan ta. Ni nake dama mata fura, ni nake yanke mata farce. Tun daga ranar ba ta sake kiran sunana ba.

Ummita ta buɗe baki za ta yi magana. Sai murya ta taso daga ɗakin da ke ƙetaren tsakar gida.

"Ummita! Ce wa mutumin nan ya rage murya. Mutane na son barci."

Ummita ta dube ni, idonta ya cika.

"Ce mata to," na ce.

"To, Gwaggo."

Na rage fitilar. Na ce musu, ranar komawa za a ce muku hanyar kufai ta fi kusa da tasha. Ku zaga ta kasuwa. In ta kama dole, kar ɗayarku ta bi ita kaɗai, kar ku bi rana tsaka, kuma ku yi sallama ko ba ku ga kowa ba. In aka kira ku da muryar wanda kuke kewa, ba ku aka kira ba.

Na tashi in kai wa Inna maganinta. Za ta miƙo hannu ta karɓa, ta sha, ta juya wa ƙofa baya.