Ƙullin Baƙuwa

"Wayyo Allah! Anti, don girman Allah kada ki kwance shi!" Abin da Baƙuwa ke faɗa ke nan tana durƙushe a tsakiyar shagon ɗinki, hawaye na bin kumatunta, sauran teloli sun tsayar da kekunansu sun zuba ido kamar an kawo musu kallo kyauta. Baƙuwa suke ce mata tun ranar da ta zo neman aiki daga sansanin 'yan gudun hijira, babu wanda ya damu ya riƙe sunanta na yanka. Wadda ke tsaye a kanta kuwa Mai Almakashi ce, babbar ma'aikaciyar shagon, mace mai harshe kamar abin sana'arta, wadda ta tsani Baƙuwa tun da ta ji masu kawo ɗinki suna yabon hannunta. Ga shi yau ta zaro wani ɗan ƙullin kaya daga ƙarƙashin keken yarinyar, tana ɗaga shi sama.

"Hajiya, ki gani da idonki!" ta ce wa mai shagon. "Leshin da Matar Likita ta kawo ɗinki ya ɓace, ita kuma wannan kullum ƙullinta a ɗaure, takalmi ba ya barin ƙafarta ko tana taka keke. Wa ke zama haka in ba mai shirin gudu ba?"

Shirin gudu kam shi ne, amma ba irin wanda take nufi ba! Wanda bai taɓa jin an ce "ku tashi, ga su nan" yana tsakiyar cin abinci ba, ba zai gane abin da ke hana mutum cire takalmi ba. Aka kwance ƙullin a gaban kowa... tsohon ɗankwali ne, da tef ɗin awo wanda lambobinsa suka goge, sai wani makulli guda a ɗaure da zare. Babu leshi, babu alamarsa. Amma Mai Almakashi ta taɓe baki ta ce, "Ai ta riga ta fitar da shi, irinsu a hana su wayo?" Hajiya ta dubi ƙasa, sannan ta ce, "Ki yi haƙuri 'yata, ki tafi kawai." Wannan "'yata" ta fi korar ciwo.

Kafin mako ya zagayo labari ya cika layin teloli. Duk shagon da Baƙuwa ta leƙa sai a janye yadi daga kusa da ita. Ɗan ɗakin hayar da ta kama, wanda ta ɗauko mahaifinta daga tanti ta sa shi ciki, ya suɓuce musu. Suka koma sansani da damina tsaka, tanti na yoyo, Baba ya kama tari mai ƙarfi, ga idonsa da ma ya daɗe da dushewa. Kullum sai ya lalubo hannunta ya ce, "Makullin yana nan ko?" Ta ce, "Yana nan, Baba." Sai ya yi murmushi, ita kuma ta juya baya ta yi kukanta ba sauti.

Makullin gidansu ne. Allah sarki, gida mai shuɗiyar ƙofa, mai bishiyar lemo a tsakar gida! A inuwar nan Inna take kafa kekenta da safe, ta tuɓe takalmi ta taka shi da ƙafa tsirara, tana cewa keke ba ya son a taka shi kamar baƙo. Baba na dawowa daga kasuwa yana tsokanarta wai ƙarar kekenta ce ke hana kajin maƙwabta yin ƙwai, ita kuma ta jefe shi da guntun yadi tana dariya. Ranar da aka tashe su, mutane na gudu, Baba ya tsaya ya kulle ƙofa har ya girgiza ta ya ji ta kullu, kamar wanda zai je kasuwa ya dawo. Inna ba ta ƙarasa tafiyar ba, a hanya aka binne ta... Baƙuwa ta rungume ɗankwalin nan na Inna ta ce, "Ya Allah, Kai ka san ban ɗauka ba. Ka wanke ni ko don tsohon nan."

Allah kuwa ya ji. Wata rana Matar Likita na zaune a shagon, sai ga ƙanwar Mai Almakashi ta shigo gaida yayarta, ta ci ado tana ta yauƙi. Matar Likita ta miƙe tsaye, ta kama gefen rigar da ke jikin ƙanwar, ga ɗan tabon da garwashin turarenta ya ƙona tun leshin yana cikin akwatinta! Baiwar Allah ba ta san komai ba, ta ce, "Ai Yaya ce ta ba ni." Mai Almakashi ta fara rantse-rantse, bakin nan mai kaifi ya dakushe. Ta ƙofar da ta sa aka fitar da marainiya aka fitar da ita, layin teloli kaf suna kallo, kuma babu shagon da ya sake ba ta kujera.

Hajiya da kanta ta taka taɓon sansani har bakin tanti, ta durƙusa gaban Baba tana kuka. "Baba, ku yafe mini, na zalunci 'yarka." Tsoho ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Hajiya." Ta tambayi yarinyar sunanta na gaskiya, ta maimaita shi a hankali, sannan ta danƙa mata makullin shago ta ce, "Daga gobe ke za ki riƙa buɗewa."

Baƙuwa ta kwance zaren nan, ta ɗaura sabon makulli kusa da tsohon, ta sa a tafin Baba ya shafa su duka, hawaye na sauka a gemunsa. Washegari ta bar ƙullinta a wajensa. Ta buɗe shago, ta zauna a gaban keke, ta yi bismilla, sannan ta sunkuya ta tuɓe takalminta.