'Yan Maruƙan Gidan Barewa

Ranar Juma'a, ana masallaci, shanu shida na tatsa suka ɓace daga garken Gidan Barewa a Filinge. Kafin la'asar an kulle makiyayinsu, Yero, a kaso. Washegari da hantsi Sufeto Kailu ya sauka daga motar Yamai.

Gidan Barewa shi ne gidan abincin Turawa ɗaya tilo a ƙasar Kurfai: tebura da farin ƙyalle, cokula na azurfa, da man shanu da cuku waɗanda ake zancensu har Yamai. Mai shi, wani Bature da ake kira Mushe Berna, tsohon soja ne. Tun da aka fara maganar mulkin kai Turawa suka riƙa raguwa, sai a yi mako ba a ɓata ƙyalle ko ɗaya ba. Berna ya sa gidan a kasuwa, Alhaji Magagi mai fataucin hatsi ya saya, har da shanun a ciki. Litinin za a miƙa mabuɗi.

Berna ya tarbi sufeton a ƙofa, yana Hausarsa ta bariki.

"Ba wani bincike. Bafillace ya sace. Ban biya shi ba tun damina, ya biya kansa. Litinin a kai shi Yamai."

"Ina ganin garken tukuna," in ji Kailu.

Garken yana bayan lambu. Bazara ce, daji ya ƙone, don haka a turke shanun ke wuni ana ba su harawa. Turakun nan shida babu kowa. Gefe guda 'yan maruƙa shida na ɗaure a dangwali, sun yi kuka har muryarsu ta dushe.

Kailu ɗan Tondikandiya ne, ya yi kiwo kafin a kai shi lakwal, makarantar boko. Ya daɗe yana kallon maruƙan. Sa'an nan ya tsuguna ya ɗauki guntun igiya a gindin turke. Ba kwance ta aka yi ba, yanka ta aka yi, bakin yankan duk tsage-tsage. Sawu kuwa babu: garkunan da ke zuwa rijiya sun bi ta hanyar sun shafe komai.

A kaso ya tarar da Yero zaune a ƙasa, malfarsa a gwiwa.

"Ina kake lokacin da anka kwashe su?"

"Masallaci, ranka ya daɗe."

"Sahu na nawa? Wa ke damanka?"

Yero ya sosa ƙeya.

"Kai Bafillace, ƙarya ma sai an koya maka? Ina kat tafi?"

"Na kai man shanu gidan wata mata, na sayar. Ɗiyana na jin yunwa, Mushe kullum sai ya ce gobe."

"In da kai za ka sace saniya, kana barin ɗanta?"

Yero ya ɗago kai kamar an zage shi. "In yi mi da ita? Saniyarmu ba ta sakin nono sai ɗanta ya fara tsotsa. Kuma ta wuni tana kuka, tana neman hanyar gida. Sun sha ruwa, maruƙan? Wa ya ba su?"

"Za su sha. Wa shanun ke bi, ban da kai?"

"Babu. Ni kaɗai sunka sani."

Alhaji Magagi na ƙofar gidansa kan buzu, ana auna gero gabansa.

"An ce tun jiya kake faɗin a rage maka kuɗin gidan, Alhaji."

"Ni? Ban ce ba."

"Gaban liman ka faɗa."

Alhaji ya yi dariya. "To, na ce. Shi Mushe ya ce bai rage ko tamma, wai asarata ce tun da an riga an shaida ciniki. Sufeto, gobe 'yan ƙasa za su hau kujerun mulki a biro, su ma suna son cin abinci da cokali mai yatsu, shi ya sa na saya. Amma gidan nan ba man shanu, ai bango ne da kujeru. In na sace shanun, kaina na sata."

"Kana masallaci jiya?"

"Sahun gaba. Tambayi garin duka."

Kailu ya koma Gidan Barewa ta ƙofar baya. Kuku Ibrah, dattijo mai farar riga, yana goge tukwanen da ba a dafa komai ciki ba. Wuƙaƙe na jere a bango. Kailu ya zaro ta yankan burodi, mai haƙora, ya duba. Zaren igiyar kaba na maƙale tsakanin haƙoran.

"Baba Ibrah, yaushe kunka fara toya burodin kaba?"

"Ban san komi ba. Ina masallaci."

"Na yarda. Wa ke cikin gida?"

"Mushe na barci."

"Ka gani da idonka?"

Kukun ya ci gaba da goge tukunya. Kailu ya ɗaga gwangwanin gishirin tebur, ya girgiza. Fanko.

"Mako guda ba baƙo, gishiri ya ƙare?"

"Shekara goma sha ina cin abincinsa, ɗana."

"Yero ma. Jibi za a kai shi Yamai da ankwa."

Ibrah ya ajiye tsumman. Ya ce da can, in baƙi sun gama cin abinci, Mushe kan kai su garke ya zuba gishiri a tafin hannu, shanun su taho suna lasa, matan Turawa na tafi. Da sun gan shi da gwangwanin nan sai su bi shi ko'ina. Yero ya sani, kishi ne ya hana shi faɗi.

"Sai mi kuma?"

"Yau da safe ya sa na cika mai ganga biyu na ruwa a mota. Wai injin na zafi."

"Ina ya nufa?"

"Wajen dutsi."

A gindin dutsin, bayan gari, akwai tsohuwar magazar hatsi mai katanga, wadda aka daina amfani da ita. Gardin da ke tsaron biro ya tabbatar wa Kailu cewa Berna ya taɓa hayarta don ajiyar kaya, mabuɗin na hannunsa har yanzu. Gobe kuma Lahadi, kasuwar Baleyara, ranar da kamyon, babbar motar mahautan Yamai, ke bin hanyar.

Kailu ya shiga wurin kumandan, Baturen da ke mulkin ƙasar. Bai daɗe ba ya fito da izinin fitar da Yero na yamma ɗaya.

Da la'asar sakaliya, lokacin tatsa, mutanen Filinge suka ga abin da ba su saba gani ba: sufeto da gardi biyu da fursuna suna jan 'yan maruƙa shida ta tsakiyar gari. Alhaji Magagi ya bi su da carbinsa. Berna ya taho a mota yana faɗa.

"Wannan wane wasa ne? Dabbobina ne!"

"Na Alhaji ne, Mushe, kai ka ce an shaida ciniki. Iska za su sha."

Da suka doshi dutsin, ƙaramin maraƙin ya tsaya, ya buɗe hanci, ya yi kuka. Daga bayan katangar magaza wata murya mai kauri ta amsa. Sai ta biyu. Sai duka shida, har ƙyauren ƙarfen na girgiza saboda ƙahonin da ke dukansa. Maruƙan suka fizge igiya suka zura da gudu.

Yero ya kira sunan kowace saniya daga muryarta, bai kuskure ba.

Kailu ya miƙa hannu. "Mabuɗi, Mushe."

"Ba ka da ikon taɓa ni."

"Ni ba ni da shi. Kumandan na da shi, ga motarsa can tafe."

Berna ya waiga ya ga ƙurar. Ya zauna a bakin motarsa, ya ciro mabuɗin daga aljihu.

A gaban kumandan ya faɗi komai. Kuɗin da Alhaji ya biya, masu kawo masa kaya daga Yamai sun riga sun cinye. Ba shi da ko na jirgin komawa gida. Wani mahauci ya yi masa alkawarin sayen shanun gobe a hanyar Baleyara, ba tambaya.

"Maruƙan fa?" in ji kumandan.

"Mahaucin bai so su ba. Na ɗauka ba su da amfani."

"Shekara nawa kana sayar da man shanu, Mushe," in ji Kailu, "ba ka taɓa tsayawa ka ga ana tatsa ba."

Aka buɗe ƙyauren. Hantsar shanun ta kumbura, nono na ɗiga ƙasa. Gardi ya zo zai kwance wa Yero ankwa, ya tarar ya riga ya tsuguna gindin jar saniya da hannuwansa a ɗaure, yana gyara wa maraƙi baki.

Gardin ya cire ankwar, ya tsaya da ita a hannu yana duban sufeto. Kailu ya nuna masa Berna da haɓa.