Man da Aka Goge

Akwai wata yarinya 'yar aji biyar a wani ƙauye kusa da Bunkure. Tana da tsabta ƙwarai, ba ta ganin datti ta wuce. Aibinta ɗaya ne: ba ta tambaya.

Yayanta Abdulsamad yana koyon gyaran kwamfuta a Kano. Babansu bai so ba, domin gonar shinkafa tana neman hannu. Da Abdulsamad ya zo hutu, ya taho da majigi da kayan tsofaffin kwamfutoci cike da kwali. Ya ce zai haɗa guda ɗaya, a riƙa kallon fim a bangon zaure.

Baba ya ce, "To, mu gani. In ta yi aiki, ka koma Kano. In ba ta yi ba, ga fartanya can."

Ran Asabar da hantsi Abdulsamad ya baje kaya a kan tabarma. Ya matsa wani mai ruwan toka a kan ɗan ƙarfen da ya kira ƙwaƙwalwar kwamfuta, ya ɗora fanka a kai. Bai kai ga ɗaure ta ba sai ga kiran Baba.

"An sako ruwan ban-ruwa a kanal! Yau layinmu ne, taho maza!"

Ya fita da gudu, yana cewa, "Ƙanwata, kada kowa ya taɓa!"

Yarinyar ta shigo da tsintsiya da tsumma. A ranta ta ce ai shara ba taɓawa ba ce. Ta ɗaga fankar, sai ta ga man nan.

"Kai, Yaya da ƙazanta! Har tsaka ta yi kashi a ciki."

Ta goge shi tas, ta mayar da fankar. Da Abdulsamad ya dawo, sai ya ɗaure ta kawai, bai duba ba.

Bayan la'asar aka rataya tabarma a ƙofar zaure, ciki ya yi duhu. Baba ya zauna, Inna ta zauna, yaran maƙwabta suka cika ƙasa. Hoto ya fito a bango, giwa ta kusa kai rufin ɗaki. Yara suka sa ihu.

Ba a jima ba fanka ta fara kuka, sai ɗif, bango ya koma fari. Aka sake kunna kwamfutar, ta sake mutuwa. Har sau uku.

Abdulsamad ya taɓa ta. "Ta yi zafi. Amma wallahi na sa mata mai."



Baba ya miƙe, ya kakkaɓe riga. "Shekara guda a Kano, abin da aka koyo ke nan? Gobe da asuba mu haɗu a gona."

Abdulsamad ya sunkuyar da kai. Yarinyar ta dubi yayanta. Babu wanda ya gan ta tana goge man, in ta yi shiru shi ke nan. Amma bakinta ya ƙi.

"Baba, ni ce. Na goge man. Na zaci kashin tsaka ne."

Yara suka fashe da dariya. Inna ba ta yi ba.

"Ya ce kada a taɓa ko bai ce ba?"

"Ya ce, Inna."

"To, bakinki ciwo yake yi da ba za ki tambaya ba?"

Abdulsamad ya kwance fankar, ya ga ƙarfen yana ƙyalli. Ya nuna mata. "Man da kika goge shi ke miƙa zafi ga fanka. In babu shi, ƙwaƙwalwar dahuwa take yi."

Ya matso ɗan sauran man da ya rage, ya ɗaure fankar. Fim ya tafi har ƙarshe. Ita kuwa yarinyar ba ta gani ba, domin Inna ta tura ta tsintar shinkafa a tsakar gida.

Washegari Baba ya ce Abdulsamad ya shirya komawa Kano. Kafin ya tafi, ya kunna wa ƙanwarsa fim ɗin giwar, ta kalla tun daga farko.

Yara, abin da ba ku sani ba, ku tambaya kafin ku sa hannu. In kuma kun yi ɓarna, ku faɗa da bakinku, kada laifinku ya hau kan wani.